Cutar Lufus: Me Ya Sa Ake Daɗewa Ba a Gano Ta Ba a Wurinmu?

Me ke sa budurwa ko matar auren da ba ta kai talatin ba, ba ta da ciwon suga, ba a san ta da hawan jini ba, a wayi gari a ce ƙodarta ta daina aiki? Duk mai leƙa Facebook ya saba ganin irin sanarwar: yarinya kwance a gadon asibiti, fuska a kumbure, an ɗora lambar asusu ana neman taimakon kuɗin wankin ƙoda. Dalilan ciwon ƙoda suna da yawa, amma a wasu sanarwar akan ga wata baƙuwar kalma da likitoci ke rubutawa lupus ko SLE, mu kuma bakinmu ya fi kama lufus. Nan take sai muhawara ta ɓarke a ƙarƙashin hoton. Wani ya ce kansa ce, wani ya ce ƙanjamau ake ɓoyewa, wata ta rantse aikin kishiya ne.

Tun 2004 aka ware ranar 10 ga Mayu domin wayar da kai game da wannan cuta a duniya, amma a garuruwanmu ranar takan zo ta wuce ba a ji ɗuriyarta ba. Ni kaina ban san kalmar ba sai da ta shigo gidanmu ta jikin 'yar ƙanwar mahaifiyata. Abin da na gani a wata ashirin ɗin da muka yi muna yawo kafin a faɗa mana sunan ciwonta shi ya sa nake wannan rubutu.

Mece ce lufus?

Allah ya yi wa jikin ɗan Adam garkuwa, wato rundunar ƙwayoyin jini da sinadarai masu farautar ƙwayoyin cuta. Aikinsu kamar na 'yan sintirin unguwa ne, kuma sharaɗin aikin shi ne su san ɗan gida su san baƙo. A jikin mai lufus wannan sanin ne ya rikice. 'Yan sintirin suna nan da ƙarfinsu, sai dai 'yan gida suke bi da duka.

Ga yadda abin ke farawa. Kowace rana biliyoyin ƙwayoyin halitta suna mutuwa a jikinmu, a kwashe gawarsu ba tare da mun sani ba. A jikin mai lufus kwasar sharar takan yi jinkiri, sai abin da ke ɓoye a tsakiyar ƙwayar ya fito fili, garkuwa ta ɗauke shi abokin gaba, ta ƙera masa makami. Makamin da tarkacen sukan manne su zama 'yan ƙananan dunƙule, jini ya kwashe su ya kai fata, gaɓɓai, rigar huhu da ta zuciya, ƙwaƙwalwa, da matatar ƙoda. Duk inda suka maƙale, kumburi ya tashi. Shi ya sa mutum biyu za su kasance da lufus amma ciwonsu bai yi kama ba ko kaɗan: wannan fata da gaɓɓai, waccan ƙoda da jini.

Daga nan za a gane cewa ba ta haɗa hanya da ƙanjamau ba, domin a ƙanjamau garkuwa ce ke karyewa, a nan kuwa garkuwa ce ta yi yawan zafin kai. Ba kansa ba ce, ko da yake wasu magungunan kansa suna yi mata aiki. Kuma ba a ɗaukar ta: ba ta kwanciyar aure, ba ta cin abinci a kwano ɗaya, ba ta tari.

Sunan daga Latin yake, ma'anarsa kyarkeci, saboda likitocin Turai na da can sun kwatanta tabon da take bari a fuska da cizon wannan dabba. An daɗe ana yi mata kallon ciwon fata kawai, sai a 1872 wani likita a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Moriz Kaposi, ya nuna tana shiga cikin jiki. A 1948 Malcolm Hargraves na asibitin Mayo a Amurka ya gano wata ƙwaya ta musamman a jikin masu ciwon, wadda ta zama gwajin farko. Akwai nau'in da ke tsayawa a fata kaɗai, ya bar tabo mai zagaye a fuska, kunne ko fatar kai. Akwai wanda wasu magunguna ke tayarwa, kamar haidiralazin na hawan jini da aisonayazid na tarin fuka, wanda yakan lafa idan likita ya sauya maganin. Amma wanda ke zagaye jiki gaba ɗaya, SLE, shi ne babban abin damuwa.

Wa take kamawa?

Cikin mutum goma masu ita, tara mata ne, yawancinsu tsakanin shekara 15 zuwa 45, daidai shekarun aure da haihuwa. Sinadaran mace suna da hannu, haka nan tsarin halitta: mace na da zaren gado na X guda biyu, namiji ɗaya, kuma a kan wannan zaren ne wata ƙwayar gado mai suna TLR7, mai zuga garkuwa, take zaune. Maza ma ba su tsira ba, kuma idan ta kama su takan yi tsanani. Tsohon shugaban Filifin, Ferdinand Marcos, da ita ya yi fama har ta kai shi ga dashen ƙoda kafin mutuwarsa a 1989.

Akwai gado a ciki, amma ba irin na sikila ba da za a ce a yi gwaji kafin aure a san lissafi. Ko tagwaye masu kama ɗaya, idan Hassana na da ita, galibi Hussaina ba ta da ita. Abin da ake gada shi ne saurin kamuwa, sai wani abu daga waje ya kunna: zafin rana, shan taba, wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr da kusan kowane baligi ya taɓa ɗauka, wasu magunguna, ko juyin ciki da haihuwa.

"Ai wannan ciwon Turawa ne"

Wannan magana ta yi mana illa, kuma tana da tushe a tarihi. A 1968 wani likita ɗan Birtaniya, Brian Greenwood, wanda daga baya ya yi shekaru yana aiki a Zariya, ya bi bayanan dubban majinyata a asibitin koyarwa na Ibadan, ya tarar cututtukan rikicewar garkuwa 'yan ƙalilan ne. Ya yi hasashen cewa wataƙila maleriya da sauran cututtukan da muke tasowa da su suna ladabtar da garkuwar jiki. Abin ɗaure kai shi ne, a Amurka da Karebiyan baƙaƙen fata, jikokin waɗanda aka kwasa daga nan Afirka ta Yamma, sun fi farare kamuwa da lufus ninki biyu zuwa uku. Sai masana suka rabu. Wasu suka ce muhallin Afirka ne ke ba da kariya, wasu suka ce cutar tana nan, masu ganin ta ne babu.

A 2001 aka wallafa wani bincike da aka yi a kudancin Landan. An samu lufus a jikin mata 110 cikin kowace dubu ɗari na waɗanda suka yi ƙaura daga Afirka ta Yamma, alhali a cikin Turawa 35 ne. A 2009 Farfesa Olufemi Adelowo da abokin aikinsa suka ba da rahoton mutum 66 da suka gani a Legas. Tun daga nan, duk inda aka samu ƙwararren likitan gaɓɓai ya buɗe asibiti, sai masu lufus su fara bayyana. Ni dai ra'ayi na biyu ya fi kwanta mini. Ƙasar da ke da mutum sama da miliyan ɗari biyu amma ƙwararrun wannan fanni ba su taka kara sun karya ba, ba ta da bakin cewa cuta ba ta da yawa. Da dama sun rasu an rubuta musu ciwon ƙoda, ko taifod, ko an ce ajali ne kawai, ba a taɓa sanin me ya kai su ba.

Yadda take ɓad-da-kama

'Yar'uwar tawa tana da shekara 24 lokacin da abin ya fara, bayan ta yi ɓari na biyu. Zazzaɓi ne mai zuwa ya tafi. Aka yi allurar maleriya, ya lafa, bayan sati uku ya dawo. Aka yi gwajin Widal aka ce taifod, ta shanye kwalayen magani. Yatsunta da wuyan hannunta suka riƙa yin tsami da safe, aka ce sanyi ne, aka haɗa mata da jiƙo. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Wata rana na je gidanta na tarar ana yi mata kitso a tsakar gida. Mai kitson na tsaga da tsinke, gashi na biyo tsinken kamar auduga, tana tarawa a gefen tabarma. Can ta ɗaga kai ta dubi surukar yarinyar ta ce, "Hajiya, wannan fa ba na asibiti ba ne, ku tashi tsaye." Daga ranar zance ya koma sammu. Ita kuwa da muka keɓe, abin da ta ce mini shi ne, "Yaya, ni gajiyar ce ta fi damuna. In tashi da asuba kamar na kwana ina daka, kuma kowa gani yake son jiki ne."

Wannan gajiyar tana cikin manyan alamomi, kuma ita ce aka fi rainawa. Ga zazzaɓin da ba ya jin magani, ciwon ƙananan gaɓɓai a hannu biyu, zubewar gashi, gyambo a dasashi ko ganɗa wanda sau da yawa ba ya zafi, ciwon ƙirji idan an ja dogon numfashi, ƙarancin jini, yatsu su yi fari ko shuɗi a sanyin hunturu. A wasu takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta zo da farfaɗiya ko ruɗewa, kuma mun san inda ake kai mai irin wannan a wurinmu. Fitacciyar alamarta ita ce ƙurajen da ke shimfiɗuwa a kumatu biyu su haye karan hanci kamar fukafukan malam-buɗe-littafi. Sai dai ba kowa ke yin su ba, kuma a hotunan littattafan likitanci ja ne a kan farar fata. A fatarmu duhu-duhu yake fitowa, shi ya sa ake cewa ƙunar man bilicin ne ko borin jini. Kuma ciwon yana tashi yana kwanciya da kansa, don haka duk maganin da aka sha daf da kwanciyarsa shi ke karɓar yabo.

Ƙoda ce ba ta kuka

Idan akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe, wannan ne. Kusan rabin masu SLE ciwon yakan taɓa musu ƙoda, ya fi yawa kuma ya fi tsanani a baƙar fata, kuma a farko ba ya ciwo sam. Matatar ce ke yagewa a hankali, furotin ɗin jini ya riƙa zuba cikin fitsari. Kafin fuska ta kumbura da safe, kafin silifas ya daina shiga ƙafa, an daɗe ana ɓarna.

Wata matashiyar likita ce ta fara yi wa 'yar'uwata tambayar da babu wanda ya taɓa yi mata: "Malama, fitsarinki yana kumfa?" Ta yi shiru don kunya, sannan ta ce ya fi wata shida tana ganin kumfa kamar an kaɗa omo, ba ta ɗauka magana ba ce. Aka tsoma ɗan siririn tsinken gwaji a kwalbar fitsarin, cikin minti ɗaya ya sauya launi zuwa kore mai duhu. Wannan gwaji yana cikin mafi arha a asibiti, kuma har ƙananan asibitoci suna yin sa.

Daga nan aka tura mu babban asibiti. Gwajin jini na farko shi ne ANA, wanda ke fitowa a fiye da kashi 95 cikin ɗari na masu lufus. Amma a kula, yana fitowa a jikin masu lafiya ƙalau da dama, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne, kuma kada takardar ɗakin gwaji ta tayar wa kowa da hankali kafin likita ya haɗa ta da alamomi. Akwai wasu gwaje-gwajen jini masu tabbatarwa, anti-dsDNA da anti-Sm, da awon sinadaran garkuwa C3 da C4 waɗanda kan sauka idan ciwon ya tashi. Wani lokaci sai an ciro ɗan tsokar ƙoda da allura an duba kafin a san ƙarfin maganin da za a bayar. Asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, na Shika da na Maiduguri su ne wuraren da ake neman likitocin gaɓɓai da na ƙoda.

Magani: abin da yake yi da abin da yake ci

Har yanzu ba a warkar da lufus, danne ta ake yi, kuma dannewar tana aiki. A shekarun 1950 kusan rabin waɗanda aka gano suna da ita ba sa wuce shekara biyar. Yau, a ƙasashen da ake samun kulawa, fiye da tara cikin goma suna wuce shekara goma, suna aiki suna haihuwa.

Ginshiƙin maganin wani tsohon sani ne: haidiroksikulorokwin, ƙanwar kulorokwin ɗin da muka sha muka yi ta susa muna yara. Yana rage tashin ciwon, yana kare ƙoda, yana rage daskarewar jini, kuma mai ciki da mai shayarwa suna shan sa. Ba ya gaggawa, sai ya yi wata biyu ko uku kafin a ji aikinsa, shi ya sa wasu ke yar da shi. Wani bincike a Kanada a 1991 ya nuna waɗanda suka daina sha sun fi waɗanda suka ci gaba fuskantar tashin ciwon ninki biyu da rabi. Ana auna shi da nauyin jiki, kada ya wuce miligiram 5 a kowane kilo a rana, kuma ana duba ido lokaci-lokaci domin yana iya taɓa shi bayan shekaru. A watan Maris na 2020, da Donald Trump ya yabe shi a matsayin maganin korona, jama'a suka yi wawasonsa, farashi ya tashi, a Legas har aka kwantar da waɗanda suka sha kulorokwin fiye da kima. Masu lufus a ƙasashe da dama suka riƙa zagaya kantuna ba sa samu, kuma daga baya gwaje-gwaje suka nuna bai yi wa korona komai ba.

Sai firedinisolon da danginsa. Nan ne nake jin tsoro ƙwarai, domin wannan dangi ne na ƙwayar da 'yan mata ke saye a kyamis don ƙiba, wadda ake kira sha-ka-fashe. Yana kashe wutar kumburi cikin kwanaki, ya ceci rai, babu musu. Amma idan aka daɗe a kan mai yawa, sai ya kawo suga, hawan jini, yanar ido, kumburin fuska, ya cinye ƙashin ƙugu irin yadda sikila ke yi. Shi ya sa likitoci yanzu ke ƙoƙarin sauko da shi zuwa miligiram 5 a rana ko ƙasa. Kuskure biyu ake yi: mai jin daɗinsa ta ci gaba da saye da kanta ba ta koma asibiti ba, ko mai ganin fuskarta ta yi faɗi ta yanke shi rana ɗaya. Yankewar farat ɗaya tana iya kisa, domin jiki ya riga ya daina yin nasa sinadarin.

Idan ƙoda ko ƙwaƙwalwa ta taɓu, akan ƙara masu ƙarfi irin su maikofenolet, azatayofirin ko saikulofosfamaid. Duk suna rage garkuwa, don haka zazzaɓi a jikin mai shan su ba abin a sha farasitamol a kwanta ba ne, kuma a ƙasar da tarin fuka ke yawo dole a sa ido a kansa. Su kuma dikulofenak da burufen da muke watsawa baki don ciwon gaɓɓai, ƙodar mai lufus ba ta son su.

Aure, ciki da zaman gida

Mai lufus tana aure kuma tana haihuwa. Abin da ake so shi ne cikin ya zo da shiri: ciwon ya kwanta aƙalla wata shida, an sauya magungunan da ke nakasa ɗan tayi, musamman maikofenolet, metotirekzet da saikulofosfamaid. Kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon suna da wani sinadari a jini mai sa shi daskarewa, ya toshe jijiyoyin mabiyiya, ciki ya yi ta zubewa. Nan ne amsar ɓarin 'yar'uwata ta fito, bayan duk zargin da aka yi wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ana tare shi da ƙaramin asfirin da allurar hefarin mai hana jini daskarewa. Masu wannan sinadari kuma ba a ba su ƙwayar tazarar haihuwa mai ɗauke da sinadarin mace na istirojin, akwai wasu hanyoyin.

Wani abu da ya kamata mazaje su sani: wannan sinadarin yakan sa gwajin tunjere na VDRL da ake yi wajen awon ciki ya nuna akwai alhali babu. Kafin a yi wa baiwar Allah mummunan zato, a nemi gwajin tabbatarwa.

Ba na cikin masu cewa a bar addu'a. Mun yi, muna kan yi, kuma ita ce ta riƙe zuciyar yarinyar a lokacin da jiki ya gaza. Abin da nake ƙi shi ne a ce ta ajiye ƙwayoyinta kafin a fara mata ruƙiyya, ko a ɗura wa ƙodar da ke rauni jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba, balle waɗanda ake tallar suna "ƙara ƙarfin garkuwar jiki", alhali ƙarfin garkuwar ne ciwon. Azumi kuwa magana ce tsakaninta da likitanta tun kafin watan ya kama, kuma shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame.

Rana abokiyar gaba ce ta gaske, ko ga baƙar fata. Hijabi da dogon hannu suna taimakawa, amma fuska da bayan hannu suna buƙatar lema, malafa ko man kariyar rana, kuma shanya da wanki a tsakar gida da tsakar rana aiki ne da ya kamata wani ya karɓa mata. Saboda gudun ranar, likita yakan ƙara mata bitamin D.

Sababbin magunguna da aljihun talaka

A 2011 Amurka ta amince da belimumab, maganin farko da aka ƙera musamman don lufus cikin sama da shekara hamsin. A 2021 aka ƙara biyu, anifrolumab da bokulosforin. A 2022 tawagar Georg Schett a Jami'ar Erlangen ta Jamus ta ba da rahoton mutum biyar da aka ɗebi ƙwayoyin garkuwarsu, aka sauya musu halitta aka mayar, suka share ƙwayoyin da ke ƙera makaman ɓarna, ciwon ya kwanta har suka ajiye magani. Labarin ya zagaya da sunan an samo waraka. Abin farin ciki ne, amma har yanzu gwaji ne a kan mutane kaɗan, yana da haɗari, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ma'aikacin Turai balle namu.

A gidanmu lissafin daban ne. Maikofenolet na wata ɗaya ya fi abin da mijinta ke warewa na cefane, sai da 'yan'uwa suka yi karo-karo, kowa da watan da zai saya. Abin da ya sa ba mu gaji ba shi ne mun ga layin masu wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, mun kuma ji abin da ake biya a kowane zama. Ƙodarta ta tsira, gashin ya dawo ko da yake bai kai na da ba, kuma bara ta haifi namiji bayan wata tara na allura a fatar ciki. Duk bayan wata uku takan tashi da asuba ta kama layi da kwalbar fitsari a jaka da wani ɗan littafi da take rubuta awon jininta da ranakun da gaɓɓai suka yi tsami. A zuwanta na ƙarshe ta tafi da wata maƙwabciyarta da ta yi shekara guda ana yi mata maganin taifod, aka tsoma mata tsinken ita ma.